Zif a Ƙarƙashin Kujera

Da sunan Allah, Mai kowa Mai komai.

In ka bar babban titi ka shiga lungun da ke bayan masu sayar da fenti, ka wuce famfon nan da ya daɗe ba ya kawo ruwa, za ka ji ƙarar bindigar ƙusa tun kafin ka ga ƙofa. To nan ne shagon Inna Mai Kujeru. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, tabaronta ɗaure da zare, don ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, ta ce ba za ta sake shi ba tunda ido bai kawo ƙara ba.

Ba a cikin sana'ar aka haife ta ba. Mijinta ne, Allah Ya jiƙansa, yake sa wa kujeru soso da yadi, ita kuma tana ɗinka masa rigunan kushin a gida, tsakanin girki da goyo. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka zo suka ce a sayar da kayan aiki a rufe shagon, ai mace ba ta riƙe guduma. Ta dube su ta ce, "Gudumar ce ta gaya muku?" Tana fita takaba ta ɗauki makulli ta je ta buɗe ƙofa, ba ta sake rufe ta ba sai don salla da barci.

Akwai abokin aikin marigayin, wani dattijo da ake kira Baba Kafinta. Shi ke haɗa ƙashin kujera, wato katakon ciki, ita ta sa soso ta ja yadi. Babu takarda tsakaninsu, magana ce kawai. Har yau Amarya yake ce mata, shekara talatin da ɗoriya da aurenta, ga jikoki. Shi dai Baba nawa gare shi, abin sai haƙuri. Ba ya taɓa katako sai ya yi watanni a rumfarsa yana shan iska. In ka matsa masa ya ce, "Ni ba na aiki da itacen da bai gama mutuwa ba."

Abin da aka san Inna da shi kuwa, zif ne. Kowa ya san yadda ake gama kujera. A kifa ta, a ja baƙin ƙyalle a ƙarƙashinta, a bi shi da ƙusa, shi ke nan abin da ke ciki ya zama tsakanin mai yi da Mahaliccinsa. Ita ma haka ta tarar, haka ta yi ta yi. Sai wata rana wata mata ta kawo gyaran kujerar da ta saya a wani wuri, wata huɗu kacal ta lotsa. Inna ta farke ƙyallen. Kwali ne a ciki, da tsummokara, da guntun tayar mota, har da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Matar ta ɗauki takalmin tana juya shi a hannu. Daga ranar Inna ta daina rufe ƙarƙashin kujera da ƙusa. Dogon zif take sawa daga wannan ƙafa zuwa waccan. Duk wanda ya zo saye sai ta sa a kifa masa kujerar, ta ce, "Zuge ka gani. Sa hannu, ba ta cizo."

Masu sana'ar suka yi ta dariya, wai Inna ta ɗinka wa kujera wando. Ta ce a bar su, mai wando dai ba ya tsoron a ɗaga masa riga.

Mutum uku ke aiki a ƙarƙashinta. Akwai Anti Mai Keke, ita ke ɗinki. Akwai Shiru, mai yankan soso, wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Sannan akwai Dogo, babban yaron shagon, shi ke yanka yadi ya ja shi a jikin kujera. Dogo ya zo mata bai iya riƙe almakashi ba, ita ta kama hannunsa har ya fi ta, yanzu ga mata ga 'ya'ya uku. Inna ba ta tsawa. In ɗinkinka ya karkace, sai ta ɗauka ta farke shi a natse ta ajiye maka a kan teburinka, ta wuce. Anti ta ce wallahi gara a zage ka.

Haka ake tafiya cikin rufin asirin Allah, sai aka buɗe wani katafaren shagon kujeru a bakin titi, gabansa duk gilashi, ciki sanyi da fitilu kamar rana. Mai shagon ma Mai Gilashi aka sa masa. Masu saye suka daina shigowa lungu. Wa zai taka taɓo ya zo wurin tsohuwa, ga kujera tana ƙyalli a bakin hanya? Aiki ya koma sai gyara, yau a kawo kushin ɗaya, gobe babu. Dogo ya zauna yana wasa almakashin da ya riga ya wasu. Inna tana gani. Abin da ke cin ranta ke nan, mutanen nan uku da iyalansu, da ta yi wa kanta alkawarin ba za su watse a hannunta ba.

Autanta ya yi karatun harkar kasuwanci, ya dawo da jaka da kalmomi masu tsawo, shi ya sa duk lungun ake ce masa Manaja. Shi ya zo mata da labari wata safiya, fuska sai sheƙi.

Ya ce, "Inna, Allah Ya kawo mafita. Mai Gilashi yana nemanki. Yaransa ba su iya jan yadi ba, masu saye sun fara magana. Haɗin gwiwa yake so ku yi."

Ta ce, "Gwiwata ɗaya ma ciwo take. Amma mu je."

Suka je. Mai Gilashi ya tarbe su da fara'a, ya zaunar da ita a kujerar da ta fi kowace laushi. Ita kuwa tana zama ta ɗan girgiza jiki tana sauraron abin da kujerar za ta ce.

Ya ce, "Hajiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ina da titi, ke kina da hannu. Zan riƙa turo miki ƙashin kujeru daga wurin kafintocina, da soso da yadi, ke dai ki rufe. Aiki ba yankewa, daga wannan shekara zuwa waccan. Yaranki ba za su sake hamma ba."

Ta ce, "Madalla. Sai me?"

"Abu ɗaya ne, ƙarami. Wandon nan da kike sa wa kujera, a cire shi. A rufe da ƙusa kamar yadda kowa ke yi."

"Me ya yi maka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Masu sayena manyan mutane ne, Hajiya, ba sa durƙusawa."

Ta ce, "Suna durƙusa wa Allah ai. Turo ƙashin in gani, sai mu yi magana."

A hanya Manaja ya yi ta ƙunƙuni, wai da ta ce to kawai, irin wannan dama ba a ja mata rai. Ta ce, "Auta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bari in ga kan tukuna."

Kashegari da hantsi aka sauke ƙashin kujeru goma sha biyu a ƙofar shago. A ido kam sun yi kyau, an goge su sumul. Dogo har da fito, ya soma gwada awo. Anti ta sa wa kekenta mai. Inna ta zo ta kama gefen ɗaya ta ɗaga, ta ji nauyi ya wuce misali. Ta ɗora bayan hannunta a kan katakon, ta ji sanyi kamar gefen randa. Ta aika Shiru ya kira Baba Kafinta.

Baba ya zo yana jan ƙafa. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ciro ƙusa daga aljihu ya buga sau biyu, sai ga danshi ya kewaye kan ƙusar.

Ya ce, "Amarya, wannan itacen bai san an sare shi ba. Ki kai shi bayan gida ki dasa, zai yi ganye."

Manaja ya ce, "Baba, ba wasa muke ba. In an rufe me zai faru?"

"Zai bushe a cikin yadi, ɗana. In ya bushe ya tsuke, in ya tsuke mahaɗa ta saki. Wata shida ta soma kuka in an zauna, soso ya yi fumfuna. Kafin shekara ƙafa ta fita, Allah Ya sa ba da surukin mai gida a kai ba."

Manaja ya ja uwarsa gefe ya rage murya. "Inna, ki ji ni. Ba sunanmu ne a jiki ba, sunansa ne. Mu yadi kawai aka ce mu ja. In ta lalace can ta matse musu."

Ta ce, "Hannun wa zai rufe?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni ban yi makaranta ba, amma na san abin da ake ce wa wanda ya riƙe wa ɓarawo tsani."

Aka kira azahar. Ta yi alwala ta shiga ɗan ɗakin da suke ajiye yadi, ta yi salla, ta daɗe a zaune. Ba wai tana shakkar katakon ba ne, wannan ta gama da shi tun da ta ɗora hannu. Fuskar Dogo take gani, da fiton nan da ya yi, wanda rabon da ta ji shi an fi wata biyar.

Ta fito ta tara su a tsakiyar shago, ta ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ta ce, "Ba zan ɓoye muku ba. Ni ba zan rufe wannan katakon ba, ba kuma za a rufe shi a ƙarƙashin rufina ba. Na san abin da hakan ke nufi, na san abin da ke gidajenku. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban gani ba. Mai Gilashi yana neman hannu. Duk wanda zai je, ya je da albarkata, babu riƙo, ni da kaina zan yi masa shaida."

Anti ta ce, "Ni ina zan je? Wa zai jure surutuna?"

Shiru ya ɗauki wuƙarsa ya koma kan sosonsa, amsarsa ke nan.

Saura Dogo. Can ya ce, "Inna, ki yafe mini. Yarana ba sa cin zif."

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Ta gyara tabaronta ta ce, "Gaskiyarka, Dogo. Ɗauki almakashinka, naka ne, hannunka ya saba da shi."

Ta sa aka kira masu amalanke biyu, aka loda ƙashin kujerun nan tsirara yadda suka zo. Manaja ya ce a bari ya buga waya a zo a kwashe a rufa wa juna asiri. Ta ce da ƙafarta ta je aka yi magana, da ƙafarta za ta mayar da amsa. Rana tsaka ta shige gaba, amalanke biyu a bayanta, Dogo a ƙarshe da almakashinsa a naɗe cikin ƙyalle. Masu fenti suka leƙo, masu shayi suka juyo. Aka sauke kayan a gaban gilashin.

Mai Gilashi ya fito da sauri. "Hajiya, lafiya? Ai da kin aiko."

"Lafiya lau. Kayanka na kawo maka, ƙishirwa ba ta dame su ba."

Ya duba hagu da dama ya ce su shiga ciki. Ta ce nan ma ya isa, ba doguwar magana ba ce, ba kuma faɗa ta zo yi ba.

Ta ce, "Ina son aikin nan, Allah Ya sani. Ga tawa shawarar. Ka kai katakonka rumfar Baba Kafinta ya sha iska wata huɗu ko biyar. Kafin nan mu soma da busasshen da yake da shi, ko kaɗan ne. In rufe maka su rufin da ba ka taɓa gani ba, da zif ɗina a ƙasa. Ka sa sunanka a jiki, ni ban damu da suna ba."

Ya ce, "Wata biyar? Hajiya, kasuwa ba ta jiran itace ya bushe. Wannan tsarin naku na mutanen da ne. Ina tausaya miki ne fa. Lungun nan zai cinye ki."

"Shekara ashirin yana taunawa, bai haɗiye ba."

"Ki yi tunani dai."

"Na yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Ta juya ta yafito Dogo. "Ga wannan kuma. Ba ka da kamarsa a shagonka, ba za ka samu ba. Ba ya sata, ba ya makara. Kada ka yi masa tsawa a gaban mutane, hannunsa rawa yake in an yi masa. In ka wulaƙanta shi zan ji, kuma ka ga dai na san hanya."

Mai Gilashi ya karɓi Dogo nan take, don shi ma ba wawa ba ne. Inna ta juya ta kama hanyar lungu ita kaɗai. Sai da ta wuce famfo ta tsaya ta dafa bango, ta share fuska da gefen mayafi, sannan ta shiga shago kamar ba komai.

Kwana uku Manaja ba ya magana sai gaisuwa. A na huɗu ta same shi zaune a kan teburin Dogo yana latsa waya.

Ta ce, "Kai wai Manaja ne ko ɗan rakiya? Mutum ɗaya ka kawo mini ya ƙi, shi ke nan ka zauna zaman makoki. Garin nan mutum ɗaya ne a cikinsa?"

"Inna, ke ba a iya haɗa kai da ke."

"An iya. Tambayi Baba. Abu ɗaya ka faɗa daidai, muna bukatar titi. To tashi ka nemo mini mai titi wanda ba ya tsoron a leƙa ƙarƙashin kayansa. Sauran duk abin da ya ce, zan sassauta."

Shi ma Baba bai tsira ba. Ta same shi a rumfarsa yana gyangyaɗi, ta ce, "Yaya, kada ka ɗauka don sonka na rabu da Dogo. Nawarka ma tana cikin abin da ya kai mu nan. Daga yau katakon da kake saya ka ninka shi, in rumfarka ta cika a jera a bayan shagona. Kada in sami aiki ka ce mini itace bai gama mutuwa ba."

Ya ce, "Amarya, da tsufana za ki mayar da ni yaron shago?"

"Da tsufanka. Ni da nawa fa?"

Ya yi ta mita, amma kafin sati ya fita an sauke katako a bayan shagonta.

Manaja ya yi yawo har takalminsa ya sha ƙura. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka ce su ma a cire wandon. Daga ƙarshe ya dawo da labarin wata mata mai sayar da labule da darduma a bakin titi, ƙasa kaɗan da shagon gilashi. Tana da baranda mai faɗi, babu komai a kanta sai akuyar maƙwabta. Mai Labule ta ce ta yarda a jera kujeru a barandarta, in dai Inna za ta riƙa ɗaukar yadi a wurinta, don mai saye ya sami kujera da labule launi ɗaya.

Inna ta je da kanta, ta murza yadin a tsakanin yatsu, ta ja shi, ta ɗaga shi a rana. Ta ce wannan da wannan ta ɗauka, wancan mai ƙyallin kuwa ko kyauta ba ta so. Mai Labule ta ce to.

Inna ta ce, "Saura nawa sharaɗin. A cikin kujerun, ɗaya a kife za ta zauna, ƙafafu sama, zif a buɗe."

Mai Labule ta riƙe baki. "Kujera a kife a ƙofar shagona? Yaya, ai sai a ce dambe aka yi."

"Su zo kallon damben. In sun zo sa ga labule."

Matar ta yi dariya har da dafa cinya, ta ce a gwada wata ɗaya. Inna ta sa Manaja ya rubuta duk abin da aka faɗa, ya karanta musu da ƙarfi sau biyu, ita ta dangwala yatsa.

Ba wai duniya ta juyo gare su ba ne. Shagon gilashi yana nan cike da mutane, fitilunsa ba su mutu ba. Amma mutum in ya ga kujera ƙafafu sama sai ya rage tafiya. Wani ya yi dariya ya wuce, wani ya sa hannu ya ƙwanƙwasa katakon, wani ya tafi ya dawo da matarsa. Aiki ya samu daidai wanda zai riƙe Anti da Shiru, ya hana Baba gyangyaɗi. Bai kai na a ɗauki mai yanka ba. Don haka Inna ta koma teburin yanka da kanta, da ciwon gwiwarta, tana tsaye tun safe tana jan yadi, in ta gaji ta jingina da bango ta yi salati ta ci gaba.

Wata rana da la'asar tana barandar Mai Labule tana gyara zaman kushin, sai ga Dogo zai wuce. Ya tsaya, ya rusuna ya gaishe ta. Idonsa ya sauka a kan kusurwar wata kujera.

Ya ce, "Inna, wa ya ja wannan? Ta ɗan saki a nan."

"Ni ce. Hannun ya tsufa."

Ya miƙa hannu zai gyara, ta riƙe masa wuyan hannu. "Bari. Lokacin wani kake ci, ba naka ba ne. Yaran suna lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ana barinka ka yi salla a kan lokaci?"

"Ana bari."

"To je ka, kada ka makara."

Ya tafi yana waiwaye. Ita kuwa ta kira Shiru ta ce a mayar da kujerar lungu, za ta farke kusurwar ta sake ja kafin magariba.